Kundin gwanjon tufafina a intanet, Fabrairu zuwa Maris

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau na zazzage akwatuna uku a tsakar ɗaki na ƙirga. Kaya 46 ne: 19 nawa, 27 na Yaya da mijinta da yaranta, waɗanda suka yi musu kaɗan ko suka gaji da su. Shekara biyu ke nan tana cewa za ta san yadda za ta yi da su. Ranar Asabar dai ta ce in kwashe in gwada wannan gwanjon intanet da na ishe ta da zancensa. Mun tsayar da rabo: duk abin da aka sayar nata, in an cire la'adar dandali da kuɗin aikawa, ta ɗauki kashi biyu in ɗauki ɗaya.

Biyar na ware gefe tun yanzu, sun yage ko sun koɗe, ba na iya karɓar kuɗin mutum a kansu. Saura 41.

Abin da na saya: tef ɗin awo, ƙaramin sikeli, ambulan masu roba guda 50, hanga shida, da 'yar na'urar nan mai aske gashin da ke dunƙulewa a jikin suwaita. Sikelin kaɗai ya cinye kusan rabin kuɗin da na ware. Lissafina zan riƙa rubuta shi da kashi da ninki, tunda abin da nake son gani shi ne ko kaya ya ɗaga daga inda na fara shi.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne labarin farkon eBay, shahararren dandalin gwanjon intanet. A 1995 Pierre Omidyar ya buɗe shafin da sunan AuctionWeb, kuma cikin kayan farko da ya sayar akwai 'yar fitilar nuni ta leza wadda ta lalace, aka saye ta dala 14.83. In lalatacciyar fitila ta samu mai so, ai kwat ɗin ulu mai lafiya ba za ta kwana ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Wanki da guga, wuni guda. Kwat biyu da suwaita huɗu suna warin kafur, na rataye su inda iska ke kaɗawa.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Na kasa guda takwas, gwanjon kwana bakwai. Hotunan jiya da dare na ɗauka a kan gado, bibbiyu kowane kaya. Na fara kowanne da farashi kaɗan ainun, don kowa na cewa arha ke jawo mutane. Da ƙarfe goma na safe na danna, don haka Juma'a mai zuwa ƙarfe goma za su rufe.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Na duba wayata ya fi sau talatin. Masu leƙawa 'yan kaɗan, mai sa ido ɗaya (wanda ya sa kayan cikin jerin da yake bibiya) a kan kwat ɗin ulu, tayi babu.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

An rufe. Cikin takwas, biyu suka tafi, kowanne da tayi ɗaya tak, a daidai farashin da na fara. Ɗaya siket ne, ban damu ba. Ɗayan kuwa kwat ɗin ulu ce ta mijin Yaya, wadda ita ce uwar kayan nan duka, mai shafi a ciki, maɓallanta cikakku, ba a sa ta sau goma ba.

Sai da na zauna na fahimci abin da ya faru, kuma kunya ta kama ni, ni da na karanci tattalin arziki. A irin wannan gwanjo mai taya yana rubuta iyakar abin da zai iya biya a ɓoye, na'ura ce ke taya masa kaɗan-kaɗan duk lokacin da wani ya ɗara shi. Wanda ya ci ba iyakarsa yake biya ba, yana biyan tayin mutum na biyu ne da ɗan ɗori a kai. Mun yi wannan a aji, shi ne kusan tsarin da William Vickrey ya yi bayani a 1961, har ya samu kyautar Nobel a 1996. Ma'ana, mutum na biyu ke yanka farashi. In babu shi, ko mai sayen ya rubuta ninki goma a ɓoye, farashin farawa zai biya ya ɗauki kayansa. Ni kuma duk mako ina addu'ar mai saye ɗaya ya zo. Ya kuwa zo.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Da na koma kan taken kwat ɗin sai na ga na sauya haruffa biyu a sunan kamfanin da ya ɗinka ta. Duk wanda ya rubuta sunan daidai a akwatin bincike bai gan ta ba. Akwai masu saye da sana'arsu ke nan, farautar kayan da aka rubuta sunansu ba daidai ba, kuma ina kyautata zaton ɗayansu ne ya yi tsuntuwa da ni.

Sannan kuɗin aikawa. Da ka na ƙiyasta shi ranar da na kasa kayan, alhali ga sikeli a ajiye cikin kwalinsa. Kwat ɗin kilo 1.4 ce, ba ta shiga ambulan ba, sai kwali. A wajen aikawa suka auna tsawon kwalin da faɗinsa da tsayinsa da santimita, suka ninka su suka raba da 5000, ya ba da kilo 3 da 'yan kai, suka ce da wannan za su caje ni tunda ya fi nauyin gaskiya. Ashe haka kamfanonin aikawa da yawa ke yi da kaya mai cin wuri. Abin da mai saye ya biya na aikawa bai kai rabi ba. Da aka cire la'ada, wadda a nan take kusan kashi 13 cikin ɗari kuma har da kuɗin aikawar ake lissafa ta, sai da na ciko daga aljihuna kafin kwat ɗin ta tafi.

Na kira Yaya. Ta yi shiru, can ta ce, "To, Allah Ya sa ta yi masa daidai." Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, laifina ne, zan biya ki." Ta ce in bar zancen biya, amma kar in kuskura in faɗa wa maigidan nawa aka sayar.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Wuni guda ina bincike, abin da ya kamata in yi tun farko. Kuskurena da na duba kasuwa a makon farko shi ne farashin da masu kaya ke nema na kalla. Akwai wajen da ake tacewa a ga kayan da aka riga aka sayar da nawa aka sallama. Tazarar tana da yawa, wani lokaci rabi. Na buɗe littafi, kowane kayana na nemo masa 'yan'uwa biyar da aka sayar, na rubuta mafi ƙasa da mafi sama da yawan tayin da kowanne ya samu. Wannan na ƙarshen ya fi komai amfani: wasu kaya sukan samu tayi 15, wasu kullum ɗaya ne, komai kyansu.

Na kuma ci karo da binciken da masana uku, Ku, Galinsky da Murnighan, suka wallafa a 2006. Sun nuna cewa farawa da arha yakan kai farashi sama, saboda mutane da yawa na shigowa, wanda ya riga ya sa lokacinsa ba ya son janyewa, kuma cunkoso kansa na sa wasu su ga kayan da daraja. Amma sun ƙara da cewa in akwai abin da ya tare hanya, har suka ba da misali da sunan kamfani da aka rubuta ba daidai ba, sai abin ya juya, arhar farko ta zama arhar ƙarshe. Kamar da ni suke.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na sake komai daga tushe. Guda goma yau: shidan da suka kwana da sababbi huɗu.

Take. A da na rubuta "Kyakkyawar riga mai kyau sosai, kar ta wuce ka". Ba wanda ke rubuta "kyakkyawa" a akwatin bincike. Gurbin take gajere ne, a eBay ma haruffa 80 ne kacal, don haka kowace kalma sai ta zama wadda mai nema zai rubuta: sunan kamfani, irin kayan, na maza ko na mata, lamba, launi, yadi. Sau uku na karanta kowane suna ina duba tambarin wuya harafi-harafi. Guraben bayani da na tsallake wancan karon duk na cike, domin mai tacewa da lamba ko launi ba zai taɓa ganin kayan da aka bar gurbinsa fayau ba.

Hoto. Na cire labulen taga, na manna farin zanen gado a bango, na buga ƙusa ɗaya. Tsakanin tara da sha ɗaya na safe hasken ya fi daidai, ba rana kai tsaye ba. Kowane kaya hoto takwas zuwa goma: gaba, baya, kwala, tambarin wuya, takardar wanki da ke ɗinke a gefe, bakin hannu, zif, da hoto ɗaya na kusa-kusa da ke nuna saƙar yadin. Da na jera su da na kan gado, sai na ga na farkon kamar an ɗauke su cikin rijiya.

Awo. Nan ne aikin yake. Lambar da ke wuyan riga ba abin dogaro ba ce. Rigar mata da Amurka ke kira 8, a Ingila 12 ce, a yawancin Turai 40, kuma ko cikin ƙasa ɗaya kamfani da kamfani sun bambanta, balle kayan da ya sha wanki ya tsuke. Sai na shimfiɗa kowanne a ƙasa na auna: hammata zuwa hammata, kafaɗa zuwa kafaɗa, tsayi daga kwala, tsawon hannu. Wando kuma ƙugu, tsawon ƙafa ta ciki, da faɗin bakin ƙafa. Na rubuta da santimita da inci duka, inci ɗaya santimita 2.54, kuma na ɗauki hoto tef ɗin na kwance a kan kayan. Wanda ke taya riga a waya ba shi da hannun da zai taɓa ta, ba zai kara ta a ƙirji ya duba madubi ba. Duk tambayar da na bari a ransa, ita ce za ta sa ya wuce.

Farashin farawa yanzu iri biyu ne. Kayan da littafina ya nuna ana rububinsu na fara su ƙasa. Sauran na fara su a inda ko tayi ɗaya aka yi ba zan ciji yatsa ba. Kowanne na auna shi cikin ambulan ɗinsa kafin in rubuta kuɗin aikawa. Ƙarfe takwas na dare na danna, don su rufe lokacin da mutane ke zaune da waya a hannu.

Bayana kamar ya karye.

Talata, 18 ga Fabrairu

Tambayoyi huɗu sun shigo, duk na amsa cikin awa ɗaya. Masu sa ido 23 a kan goman. Tayi biyu.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Wani ya nemi hoton ɗan jan ƙyallen da ke jikin aljihun bayan wandon jins na Levi's 501, wani daban ya nemi na cikin ƙugu. Na yi mamaki har na bincika. Ashe kafin 1971 sunan da ke kan ƙyallen da babban harafin E ake rubuta shi, kuma masu tara tsofaffin jins suna biyan kuɗi mai kauri a kan irinsa. Da gudu na je na ɗauko wandon, zuciyata na dukan uku-uku. Ƙaramin e ne. Na dai ɗauki hoton na ƙara a jeri, kuma duk da haka ɗayansu ya taya.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Ƙanena ya zo ya tarar da ni ina kallon jaket ɗin fata da ta tsaya a tayi ɗaya. Na ba shi labarin mutum na biyu, sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai ga ni. In buɗe asusu in taya, in tura shi sama kaɗan, waye zai sani?"

Ba zan ɓoye ba, sai da na yi minti guda ina juya maganar. Na ce masa a'a. Dandalan gwanjo duk sun hana, suna kuma gane asusun da ke fita daga gida ɗaya ko wanda kullum kayan mutum ɗaya yake tayawa bai taɓa saye ba, sai su rufe duka biyun. A ƙasashe da dama ma doka tana ɗaukarsa zamba. Malaman fiƙihu sun san shi tun kafin a yi kwamfuta, najashu suke ce masa, mutum ya taya kayan da ba saye zai yi ba don a ruɗi wani, kuma haramun ne. Ya ce shi taimako ya yi niyya. Na ce in taimako ne ga dutsen guga can.

Ya goge riguna uku, ya ƙona mini zanen shimfiɗa.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Wannan daren ba zan manta da shi ba. Saura minti biyar a rufe, jaket ɗin fata na nan a tayi biyu, na riga na haƙura. Saura daƙiƙa 40 lamba ta motsa. Saura 12 ta sake. A daƙiƙa shida na ƙarshe tayi uku suka faɗo kusan tare, ta rufe a ninki huɗu da rabi na farashin farawa. Na yi ihu ni kaɗai a ɗaki.

Masu sa idon nan da na ɗauka 'yan kallo ne, laɓewa suka yi. Dabara ce sananniya: in ka taya da wuri ka ba abokin takara lokacin ramawa, in ka jira ƙarshe ba shi da damar ƙarawa. Alvin Roth da Axel Ockenfels sun yi rubutu a kai a 2002, suka kwatanta eBay, inda gwanjo ke rufewa a kan lokaci ko da me, da gwanjon da Amazon ke yi a wancan zamanin, inda ba a rufewa sai an yi minti goma ba wanda ya taya. Tayin ƙarshen lokaci ya fi yawa nesa ba kusa ba a inda ake datsewa. Abin da na ɗauka a nan shi ne in daina firgita ranar Laraba, in kuma daina tunanin janye kaya don na ga shiru.

Bakwai cikin goma sun tafi. Jins ɗin ninki uku. Suwaita biyu tayi ɗaiɗai, amma tunda na fara su inda ya dace, ba asara. Ukun da suka kwana duk riguna ne marasa suna.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Na naɗe shida, na kai wajen aikawa, na tura wa kowa lambar bibiya. Na bakwai bai biya ba tukuna.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Wanda ya ci rigar siliki ya ɓace. Saƙo biyu na tura cikin ladabi, ko gezau. Wa'adi ya cika, na soke cinikin aka mayar mini da la'adar. Na miƙa wa mutum na biyu a kan tayinsa, ya ce ya riga ya sayi wata. Abin takaicin shi ne wannan mai ɓacewar shi ya kori mutum biyu na gaskiya. Na shiga saituna na toshe shi, na kuma kunna shingen da ke hana masu tarihin ƙin biya taya kayana. Rigar za ta koma layi.

Lahadi, 2 ga Maris

Guda tara sun hau, har da rigar silikin.

Talata, 4 ga Maris

Matsala ta farko da mai saye, kuma ita ke da gaskiya. Doguwar rigar Yaya da na rubuta "baƙa", matar da ta saya ta aiko hotonta a rana, shuɗiya ce mai duhu. Na ɗauko hotunana na duba, a waya baƙa ce wuluk. Ni ma a ɗaki baƙa na gan ta. Ba ta tsaya nan ba, ta ce akwai 'yar huda a ƙasan hammatar hagu, ta sa yatsa a bayanta ta ɗauka. Asu ne ya ci, girmanta bai wuce ƙwayar shinkafa ba, amma tana nan, kuma ni na rubuta "babu aibi".

Raina ya so in yi gardama, in ce ai ko makaho ya san kayan hannu ba sabo ba ne. Na rubuta amsar, na goge. Na ba ta haƙuri, na ce ta dawo da ita ni zan biya kuɗin dawowa. Lissafin asarar: kuɗin aikawa zuwa, kuɗin dawowa, ambulan, ga rigar ta dawo ba a sayar ba. Ya cinye ribar suwaita biyun da ɗan ƙari.

Abin da na fi tsoro shi ne shaidar da za ta rubuta a kaina. Shaidata bakwai ce kacal, mummuna ɗaya za ta yi mata tabo babba. Kuma shaidar nan kuɗi ce. Paul Resnick da Richard Zeckhauser da abokan aikinsu sun taɓa gwadawa da tsofaffin katunan gaisuwa na gidan waya: dillali ɗaya, kaya iri ɗaya, wani a tsohon asusunsa mai tarin shaida, wani a sababbin asusu. Masu saye sun biya kusan kashi 8 cikin ɗari fiye a tsohon. Ni da nake sabuwa da ma a ƙasa nake tasowa.

Sabuwar doka: duk kaya mai duhu sai na fita da shi waje na kara shi da wani abu baƙi na gaske. Duk na ulu ko siliki sai na ɗaga shi a gaban taga na bi shi taƙi-taƙi, don huda ta fi fitowa in haske na bayanta.

Alhamis, 6 ga Maris

Na bi sauran kayan da wannan hanyar. Huda uku na samu da tabo ɗaya da ban taɓa gani ba. Biyu suna kan gwanjo yanzu, na ƙara hotuna da bayani, na kuma sanar da wanda ya riga ya taya. Bai janye ba.

Asabar, 8 ga Maris

Rigar ta iso, na mayar da kuɗi. Matar ta rubuta: kaya bai dace da bayani ba, amma mai kaya ta gyara ba tare da jayayya ba. Ta ba ni mai kyau. Sai yau na yi barci sosai.

Lahadi, 9 ga Maris

Shida cikin tara. Rigar silikin ta tafi, ƙasa da na wancan karon kaɗan, amma an biya cikin minti goma. Na ɗora takwas, ciki har da shuɗiyar rigar. Takenta yanzu ya ce shuɗiya mai duhu, hoto na uku kuma hudar ce, da kan tef ɗin awo a gefenta don a ga girmanta.

Talata, 11 ga Maris

Na yanke hukunci a kan kayan da ba sa motsi. Riguna marasa suna da kayan yara guda 11, wasu sau biyu ina ɗora su. Ba su da aibi, amma irinsu dubbai ne a dandalin, ba dalilin da zai sa mutum biyu su yi faɗa a kan tawa. Gwanjo bai dace da su ba. Na ɗaure su ƙunshi uku bisa lamba, huɗu, huɗu da uku, na sa farashi tsayayye da damar a yi tayi in sallama ko in ce albarka. Kuɗin aikawa ɗaya ya ɗauki kaya huɗu, wannan kaɗai ya sa lissafin ya yi ma'ana ga mai saye.

Lahadi, 16 ga Maris

Biyar cikin takwas, kuma abin da ya ba ni mamaki shuɗiyar rigar ce. Mutum huɗu suka taya ta, ta rufe sama da farashin da aka saye ta lokacin da na ce baƙa ce marar aibi. Wadda ta ci ta rubuto cewa tana iya cike huda irin wannan cikin minti biyar, kuma ganin na nuna ta ne ya sa ta yarda da sauran bayanin. Ba zan gina ƙa'ida a kan riga ɗaya ba, wataƙila launin gaskiyar ne ya kawo masu nemansa. Amma daga yau hoton aibi ba zai koma can ƙarshen jeri ba.

Na kira Yaya na faɗa mata. Ta ce, "Wai rigar da asu ya ci?" Na ce ita fa. Ta ce bari ta sake duba ƙasan akwati.

Ban ɗora komai yau ba, mura ta kwantar da ni.

Alhamis, 20 ga Maris

Ƙunshi biyu sun tafi, kaya takwas ke nan. Ɗaya an taya ƙasa da kashi 15, na sallama. Mai ɗayan ta tambaya ko akwai wasu na lamba ɗaya.

Lahadi, 23 ga Maris

Shida sun hau. Makon da na yi ban ɗora komai ba ya nuna, masu leƙa shafina sun ragu sosai. A kan biyu na gwada haɗa kuɗin aikawa cikin farashi na rubuta aikawa kyauta, in ga ko zai canza wani abu. Na kuma rubuta a ƙasan kowane bayani cewa wanda ya ci biyu zan haɗa masa a ambulan ɗaya.

Laraba, 26 ga Maris

Ambulan sun kusa ƙarewa, wasu na lalata da rubuta adireshi ba daidai ba. Na sayo 25.

Litinin, 31 ga Maris

Jiya huɗu cikin shida suka tafi, biyu ga mutum ɗaya, wadda ta taɓa sayen suwaita a Fabrairu. Ita ce ta farko da ta dawo. Gwajin aikawa kyauta bai faɗa mini komai ba, ɗaya ya tafi ɗaya ya kwana, kaya biyu ba sa isa a yanke hukunci.

Lissafin makonni takwas. Cikin 41, an sayar da 30, saura 11: ƙunshi ɗaya mai uku, da takwas ɗaiɗai. In na raba duk kuɗin da ya shigo kashi ɗari: la'ada 13, aikawa 21, ambulan da kwali da salatif 4, asarar rigar da aka dawo da ita da cikon kwat 3, kayan aikin farko 9. Saura 50, shi muka raba da Yaya bisa yarjejeniya. Kayan aikin ba zan sake saye ba, don haka wata mai zuwa wannan kashi taran zai rage mini. Lokaci kuwa, kowane kaya na cin kusan minti 40 daga guga zuwa naɗewa. A Fabrairu ya fi awa.

Kaya bakwai ne suka kawo fiye da rabin kuɗin, kuma dukansu sun samu masu taya uku ko fiye: fata, jins, ulu, siliki, masu suna a wuya.

Shirin Afrilu. Gwanjo sai kayan da littafina ya nuna 'yan'uwansu na samun tayi biyar zuwa sama, sauran farashi tsayayye. Takwas ɗin da suka rage zan ba su kwana 30, abin da bai tafi ba in bayar. Suwaita biyu masu nauyi zan ajiye sai masu neman kayan sanyi sun dawo, da ɗan kafur nesa da jikinsu. Ɗorawa kowace Lahadi ba fashi, ko guda uku ne, in ban da lafiya in tsara su tun Asabar na'ura ta sake su. Gwajin aikawa kyauta zan maimaita da kaya goma, biyar-biyar. Ina kuma son gunkin rataya riga na rabin jiki, don jaket ba ta fitowa a hanga, amma sai kuɗinsa ya fito daga kasona.

Yaya ta aiko jaka ɗaya da yamma, ta ce kaya 14 ne, wata ƙawarta ma tana tambaya nawa nake karɓa. Ban ba ta amsa ba, sai na lissafa minti 40 ɗin nan tukuna. Gobe da safe zan buɗe jakar a gaban taga, akwai wata kwat a sama da ban tabbata baƙa ce ko shuɗiya ba.